Jakar kwana biyu



Makon jiya na yi tafiyar kwana biyu daga Kano zuwa Kaduna, ɗaurin auren ƙanen wani abokina da muka yi karatu tare a Alƙahira. Daren da zan tafi na baje kaya a kan gado ina haɗawa: babbar riga biyu, kaftani uku, hula huɗu, takalmi ƙafa biyu, littafi uku, da kwalaben turare. Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, can sai ta ce, "Malam, ɗaurin aure za ka ko ƙaura za ka yi?" Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Na zauna na riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina dalilin ɗaukar kowanne.

Babbar riga ta biyu ba don sanyi ba ce, ba kuma don ta farko za ta yage ba. Mutanen da za su gan ni ranar Asabar su ne za su gan ni ranar Lahadi, kuma ba na so a ce liman riga ɗaya gare shi. Littattafan nan uku na san ba zan buɗe ko ɗaya ba a gidan biki, kawai dai na saba a gan ni da littafi a hannu. Sauran kayan kuwa duk 'ya'yan "ko da" ne: ko da ruwa ya sauko, ko da an ce in yi huɗuba, ko da an ƙara kwana. Na lura "ko da" ɗin nan ya fi komai cika jaka, domin ba shi da iyaka. In ka biye masa har katifa sai ka ɗauka.

Sai na zazzage akwatin, na ɗauki 'yar jakar goyo, na sa riga ɗaya da kaftani ɗaya da asuwaki. Na kwanta ina jin daɗin kaina, wai na yi zuhudu.

Da safe a tasha muka cika mota. Wani bawan Allah ya zo da ƙaton akwati da jakar bakko biyu, shi ma ya ce kwana biyu zai yi. But ya ƙi rufuwa sai da aka ɗaure da igiya, bakko ɗaya kuma ba ta samu wuri ba, aka cusa ta ƙarƙashin ƙafar wata tsohuwa a kujerar baya. Ya biya kuɗin kaya, ba musu. Amma direba ne ya karɓi kuɗin, ƙafar tsohuwa ce ta biya. Tafiyar da ta haura kilomita 200, gwiwoyinta na ƙirjinta. Da muka tsaya a Zariya sai da aka kama hannunta ta sauko. Na ce mata, "Sannu Iya." Ta ce, "Yauwa ɗana, tafiya ce." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ni kuwa na rungume 'yar jakata a cinya, ina yanke wa mai akwati hukunci a zuciyata, ina kuma tsara yadda zan rubuta labarinsa a wannan shafin.

To, ga nawa labarin. Na isa Kaduna wayata saura kaɗan ta mutu, kuma caja na cikin kayan da na zubar a gida da sunan rage nauyi. Wani yaro a gidan, ɗan yayar abokina, ya ba ni tasa. An kawo wuta na 'yan awanni da daddare, tawa wayar ta cika, tasa ta kwana a mace, alhali washegari shi ake aike ko'ina. Silifas na aro, sabulu na aro, tawul na aro. Mafi muni, rigar nan guda ɗaya da na nannaɗe na danna a jaka ta fito a yamutse kamar an tauna. Kafin in yi magana abokina ya karɓe ta ya shiga cikin gida. Bayan sallar asuba na tarar da ita a rataye, sumul. Daga baya na ji cewa matarsa ce ta hura gawayi ta goge ta da dutsen guga wajen ƙarfe ɗaya na dare, bayan ta wuni a bakin tukunyar biki.

Ashe ni da mai akwati abu ɗaya muka yi. Shi ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin wurinsa, ya ɗora a ƙafar tsohuwa. Ni na baro abin da nake buƙata, na ɗora a kan yaro da matar mutane. Bambancin kawai, nasa kowa ya gani, nawa kuwa ya yi kama da tawali'u.

'Yan uwa, wannan ba sabuwar cuta ba ce. Imamu Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, cewa mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. A kan haka aka saukar da umarnin yin guzuri da ke aya ta 197 a Suratul Baƙara. Jakarsu ba nauyi, amma nauyin bai ɓace ba, wuyan mutanen Makka ya koma. Bahaushe ma ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san wani zai ce, "Haba Malam, ai baƙo yana da haƙƙi." Gaskiya ne. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Kuma mutumin da ya ƙi cin abincin kowa, ya ƙi karɓar taimakon kowa, don kada a ce ya buƙaci wani, shi ma akwai girman kai a lamarinsa. Zumunci ba ya rayuwa idan kowa ya zo da komai nasa. Amma hadisin da ya ba baƙo haƙƙi, shi ne kuma ya hana shi zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Tuwon da aka kawo maka kyauta ce da aka shirya da daɗin rai. Cajar yaro kuwa ba kyauta ba ce, babu yadda zai yi ne: wane yaro ne a ƙasar Hausa liman abokin kawunsa zai ce masa "ara mini" ya ce a'a? Malamai sun daɗe suna gargaɗi a kan abin da aka karɓa daga hannun mutum don kunya ta hana shi hanawa, domin yardar baki ba ita ce yardar zuciya ba. Mu masu rawani mun fi kowa faɗawa wannan ramin, saboda ba a iya ce mana babu, har mun daina lura cewa muna tambaya.

Da nake dawowa a mota sai tunanina ya tafi kan sallar ƙasaru. Matafiyi yana mayar da azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu. A mazhabar Malikiyya, tafiyar ta kai mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka ba. Tafiyata ta Kaduna ta cika duka biyun. Abin lura, an rage adadin raka'o'i amma ba a cire ko salla ɗaya daga cikin biyar ba, asuba da magariba ma ba a taɓa su ba. Ba ina kafa hukuncin fiƙihu a kan jaka ba ne, kada wani ɗalibi ya zo mini da ƙiyasi a ƙasan rubutun nan. Izina kawai na ɗauka: riga uku ta iya komawa ɗaya, hula huɗu ta koma ɗaya, amma sabulu da caja da magani ba sa komawa sifili. Ni kuwa na rage abin da ya kamata, sannan na zarce na cire abin da bai kamata ba, don in ji daɗin ganin jakar ƙarama.

Maganar nan ba ta hau kan mace mai goyo ba, ko marar lafiya mai tafiya da ledar magunguna, ko ɗan kasuwa da kayan sana'arsa. Waɗannan nauyinsu na larura ne, mu ya kamata mu matsa musu. Ba kuma ina hana ado ba, riga mai kyau a taron aure abu ne mai kyau. Guda ɗaya dai ta isa kwana biyu, in an ninke ta da hankali.

Kafin in baro Kaduna na sayi sabuwar caja na ba yaron nan, ya yi ta cewa "Haba Kawu, da ka bari." Gugar dare kuwa ban san da me zan biya ta ba. Na ce abokina ya ba uwargida haƙuri a madadina, ya ce ita ba ta ɗauki abin komai ba, na ce duk da haka ya faɗa mata. Mai akwati kuma, rubutun da na shirya a kansa shi ne wannan da ya juyo kaina.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, ina da tafiyar kwana biyu zuwa Sakkwato. Na riga na sa caja da silifas da sabulu a jakar tun yanzu. Mai ɗakina ta gani ta ce saura dutsen guga.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Wallahu a'alam.