MASAUKI A MAKKA: DA WA AKE AUNA ARAHA?



Da zarar azumi ya gabato, tambayar da ta fi yawan zuwa mini ita ce: "Malam, wace unguwa ce a Makka ga araha ga kwanciyar hankali?" Ni kuwa sai in ce: kai da wa za ku tafi? Domin a fahimtata, wanda ya fi kowa rauni a tafiyar, da shi ake auna masauki.

Ga garin a taƙaice. Otal-otal na Hasumiyar Agogo da na bakin harabar masallaci su suka fi kusa, su suka fi tsada, a goman ƙarshe kuwa kuɗin ninkawa yake yi. Misfala, ta titin Ibrahim Khalil, nan mutanenmu suka saba: ka je masallaci da ƙafa, ka ci abincin gida, ka ji Hausa. Sai dai unguwar doguwa ce, wani gidan minti 10 ne, wani ya kai rabin awa. Ajyad kusa take a taswira, amma wasu lungunanta hawan dutse ne. Aziziyya tana ta wajen Mina, tana da sauƙin kuɗi idan ba lokacin Hajji ba, amma sai da mota.

To, saurayi mai jini a jika ya sauka a Aziziyya, ya yi dabara. Amma wanda ya ɗauko mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa ya ajiye ta a kan tudu don ya rage riyal ɗari, me ya yi? Kun san iyayenmu mata, ba za ta faɗa ba. "Ba komai, ɗan nan," za ta ce. Kwana biyu sai ta koma sallah a ɗaki, alhali shekaru ta yi tana roƙon Allah ya nuna mata Ka'aba. Kuɗin da ya rage, ita ta biya shi da ƙafarta. Wannan amana ce, kuma za a tambaye shi.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wani zai ci bashi ya kama ɗakin da tagarsa ke kallon Ka'aba, a ɗauki hoto a watsa, ga 'ya'ya a gida an koro su saboda kuɗin makaranta. Ɗan'uwa, bincika niyyarka. Malamai da yawa, cikinsu har da Shaikh Ibn Baz, suna ganin ninkin ladan sallah ya game duk iyakar Harami. Shaikh Ibn Usaimin yana ganin ya keɓanta da masallacin Ka'aba. Aziziyya dai tana cikin iyakar Harami, ga mota kuma tana kai mutum masallacin. Kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji ya gaza.

Wani zai ce: "Malam, ai Makka gari ne mai aminci, tawakkali ya isa." Gaskiya ne, amma mai raƙumin nan an umarce shi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Ɗaurin raƙuminka shi ne ka tambaya tun kafin ka biya. Gidan yana da lasisi ko na dillali ne a ɓoye? Akwai lif? In gobara ta tashi, ta ina za a fita? Hanyar tana da haske da mutane bayan tahajjud? Mota tana nan har wane lokaci? Kuma wanda ya kwana a wurin za ka tambaya, don mai talla ba ya kushe hajarsa.

Sannan a kiyaye harshe. Kada ka kira unguwa ta ɓarayi don ka ga talakawa a cikinta. Ka bincika gini da hanya, ka bar mutuncin mutane.

Kafin ka tura kuɗi, dubi jerin 'yan tafiyarka, ka nemo tsohuwa ko mara lafiya ko mai goyo, ka tambayi kanka: za ta iya zuwa ta dawo sau biyar a yini? In za ta iya, kama. In ba za ta iya ba, rage tsaraba ka matso kusa.

Allah ya kai mu, ya karɓa mana, ya kai waɗanda ba su taɓa zuwa ba.