Mudun Gaskiya a Gidan Caca

A cikin dokokin da jihohin Amurka suka shimfiɗa wa gidajen caca akwai wani ɗan sharaɗi wanda mai karatu cikin gaggawa zai tsallake shi bai ankara ba, alhali kuwa in aka yi masa duban tsanaki, sai a ga ya tona asirin sana'ar fiye da yadda dogon wa'azi zai tona shi. Sharaɗin ya shafi na'urar nan mai allo irin na talabijin wadda ake buga kartar foka a kanta, wadda ta soma bazuwa sosai tun shekarar 1979, sa'ad da kamfanin Si Redd ya fito da samfurinsa a jihar Nebada. Mutum zai zuba kuɗi, na'ura ta raba masa kati 5 daga cikin 52, ya riƙe waɗanda ya so, ta musanya masa sauran, sa'an nan ta biya shi ko ta cinye, gwargwadon jadawalin da ke rubuce a gabansa. Doka ta wajabta wa na'urar ta mayar wa masu wasa wani kaso na abin da aka zuba mata: a Nebada kada ya gaza kashi 75 cikin ɗari, a Niyu Jasi kashi 83. Wannan duk mai hankali ya gane hikimarsa. Amma wasu jihohin ba su tsaya nan ba, sai suka yanka wa biyan haddi ta sama kuma: Misisifi da Kolorado sun tsayar da shi tsakanin 80 da 100, Luwiziyana kuwa ta ce na'urar babban gidan caca kada ta wuce 99.9, ta mashaya da ta zangon manyan motoci kada ta wuce 94.

To, me zai sa hukuma ta hana mai gida ya yi wa baƙonsa karimci? Amsar tana cikin ƙirar na'urar. Tun da yake dokar Nebada ta ce katin da ke cikin allo lalle ne ya riƙa faɗowa kamar yadda katin hannu zai faɗo in an cuɗa shi da gaskiya, kuma jadawalin biya a fili yake, to masanin lissafi yana iya zama da alƙalaminsa ya fitar da hakikanin abin da kowace na'ura take mayarwa. An kuwa fitar. Wasan da suke kira Jacks or Better, in an same shi da cikakken jadawali aka kuma buga shi ba kuskure ko ɗaya, yana mayar da kashi 99.54, wanda suke kira Deuces Wild yana kaiwa 100.76, watau a nan gidan ne ke hasara. Har an sami mutane irin su Bob Dancer, waɗanda suka haddace ƙa'idojin nan suka mai da farautar irin waɗannan na'urori sana'arsu. Haddin sama, inda aka sa shi, wannan ƙofa yake toshewa.

Ba zan hana masu dokar hujjarsu ba. Suna iya cewa na'urar da ke mayar da kusan dukan abin da aka ba ta hanya ce ta tsarkake kuɗin haram, suna iya cewa kuma gasa tsakanin gidaje, in aka sake mata linzami, za ta karya ƙananan cikinsu. Sai dai akwai dalili mafi kusa da waɗannan, wanda ba a cika son ambatonsa ba, shi ne cewa harajin caca ana ɗora shi ne a kan ratar da ke tsakanin abin da aka zuba da abin da aka biya, wadda Nebada take karɓar kashi 6.75 nata daga manyan gidaje, Fensilbaniya kuwa take kwashe fiye da rabinta daga na'urori. Saboda haka duk kwabon da na'ura ta ƙara wa mai wasa, daga bakin baitulmali aka cire wani sashensa. Muhtasibi a kasuwannin Musulmi na dā yakan zaga ya gwada mudu don kada a tauye wa mai saye, amma ba a taɓa jin ya kama ɗan kasuwa don ya cika mudu har ya yi tozo ba, gama ba shi da rabo a cikin hatsin. Hukumar da ta hana tozo ta shaida a kan kanta cewa tana da rabo, kuma wanda yake da rabo a cikin shari'a bai cancanci kujerar alƙali ba.

Sai dai kada mai karatu ya zaci ina nufin da za a ɗage haddin nan, kowace na'ura ta riƙa mayar da ɗari bisa ɗari, to da an yi adalci an huta. Nan ne mas'alar take da zurfi, nan ne kuma tarihin Larabawan Jahiliyya yake da abin da zai koya mana. Cacarsu, wadda malamin nan Ibn Ƙutaiba ya keɓe wa littafi guda, ba ta da gida mai cin riba ko kaɗan. Sukan yanka raƙumi, su zuba kibau 10 a cikin jaka, 7 masu rabo, 3 ba su da kome, waɗanda marasa rabon suka faɗo musu su biya kuɗin raƙumin. Masu nasara kuwa sau da yawa ba sa ko ɗanɗana naman, sai su raba wa matalauta, musamman a lokacin sanyi da fari, har ya zamana ƙin shiga wasan abin gori ne ga mai hali. Da a ce za a auna wannan da ma'aunin hukumomin yau, da ya fi kowace na'ura a gidajen cacar birnin Las Begas tsarki: ba a tauye kowa ba, ba a ɓoye kome ba, ga kuma sadaka a ƙarshe. Amma duk da haka Alƙur'ani, bayan ya tabbatar a Suratul Baƙara cewa akwai wani amfani a cikin abin sai dai zunubinsa ya rinjayi amfanin, ya zo a Suratul Ma'ida ya haramta shi baki ɗaya, illar da ya ambata kuwa ba ta ƙididdiga ba ce: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltuwa daga ambaton Allah da salla. Fuƙaha'u kuma da suka zo suna tantance cin dukiyar mutane da ɓarna, abin da suka duba shi ne ko dukiya ta fita daga hannu zuwa hannu a madadin wani abu, aiki ne ko haja ko amfani, ko kuwa faɗuwar kibiya ce kaɗai ta ɗauke ta. Wannan tambaya ba ta sauyawa don kaso ya tashi daga 94 zuwa 99.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne na'ura mai karimcin ita ce ta fi iya riƙe mutum. Malama Natasha Schüll, wadda ta daɗe tana bincike a tsakanin masu wasan na'ura a Las Begas, ta kuma wallafa sakamakonsa a 2012, ta nuna cewa da yawansu sun daina ma neman nasara, abin da suke nema shi ne wani hali na gafala wanda mutum yake mance kansa da iyalinsa da tafiyar rana, su kuma masu ƙera na'urorin suna auna cin nasararsu da tsawon zaman mutum a kan kujera. Na'urar da ke cinye kuɗi da sauri takan sallami mai ita ya tafi gida; wadda ke karɓa tana mayarwa kaɗan-kaɗan ita ce ke tsare shi har asuba.

Shi kansa adadin nan na 99.54 ba da mutum ɗaya aka ƙulla alkawarinsa ba. Ƙa'idar da masanin lissafi Yakubu Bernoulli ya tabbatar, wadda aka buga a 1713, ta ce irin wannan lissafi ba ya cika sai an maimaita gwaji ba adadi, kuma gidan caca ne kaɗai, da ɗaruruwan na'urorinsa masu aiki dare da rana, yake da wannan yawan maimaici. Kusan kashi 2 na adadin yana rataye ne a kan hannu guda, watau manyan kati 5 na jinsi ɗaya a jere, wanda yake zuwa kimanin sau ɗaya cikin rabo 40,000. Mai saurin hannu da ke buga rabo 600 a awa yana bukatar fiye da awa 60 a kan kujera kafin lissafi ya ce lokacin zuwansa ya yi, kuma yana iya ninka wannan sau uku bai gan shi ba.