Kukan da ba a zuwa yi wa jaje

A ƙarshen 2001, a birnin New York, masanin ƙididdiga Mark Hansen da mai fasahar sauti Ben Rubin suka fara nuna wani aiki mai suna Listening Post. A siffarsa da aka fi sani, ɗaki ne mai duhu da aka rataye ƙananan allunan lantarki 231 sahu-sahu. Kwamfuta tana tsinto jimloli daga ɗakunan hira na intanet a daidai lokacin da ake rubuta su, haruffa suna gudu a kan allunan, muryar na'ura tana karanta wasu, kiɗa mai sanyi yana bi a ƙasa. Wani sashe yana tara jimlolin da mutane ke faɗin ko su wane ne da halin da suke ciki: wannan ya gaji, wancan yana jin tsoro, wata tana neman abokin hira. A 2004 aikin ya ci babbar lambar Ars Electronica a Ostiriya. Daga baya Jonathan Harris da Sep Kamvar suka fito da We Feel Fine, wanda ya riƙa mayar da kowane furucin zuciya da ya tsinto a intanet ɗigo mai launi yana yawo a fuskar kwamfuta, haɗe da shekarun mai maganar, garinsa, har da yanayin samaniya a ranar.

Abin da ya dame ni da irin waɗannan ayyuka shi ne suna ɗanɗana wa mai kallo daɗin tausayi, suna kuma sauke masa nauyinsa. A tarbiyyar Musulunci tausayi yana tafe da hakki. Idan kukan maƙwabci ya tsallako katanga, ba a zama a yaba daɗin muryarsa, takalmi ake sawa a je a yi sallama a tambayi lafiya. Shi kuwa wanda ya shiga ɗakin Hansen da Rubin yana jin kaɗaicin wani da yake raye a wannan minti, zuciyarsa ta karye, ya share ƙwalla, ya fita shan shayi. Ba laifinsa ba ne, don an riga an cire suna da adireshi, babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Za a ce ai duk fasaha haka take, waƙar makoki ma tana sa mu kuka a kan wanda ba mu sani ba. Gaskiya ne, sai dai mawaƙi shi ya zaɓi ya fito da ciwonsa, ya tsara shi, ya miƙa. Wanda ya rubuta wa abokan hirarsa cewa barci ya gagare shi bai san ana rera maganarsa a gidan tarihi ba. Wasu kuma za su ce leƙen asiri ne, irin wanda Suratul Hujurat ta hana. Wannan zargi ban ga ya zauna sosai ba, tunda a fili aka yi maganganun. Amma faɗin magana a gaban mutum goma bai zama izinin kai ta gaban dubbai ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa aikin yana nuna mana yadda 'yan Adam suke iri ɗaya, kuma muryar na'urar da ba ta hawa ba ta sauka da gangan aka sa ta, don mai kallo ya ji sanyin yadda kwamfuta ke sauraronmu. Na yarda da rabin wannan. Gargaɗin da ke cikin wannan muryar ya tabbata a 2014, lokacin da aka bayyana cewa Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani na mako guda don a auna ko yanayin zuciyarsu zai canza. Masu fasahar sun hango tun da wuri cewa damuwar mutane ta zama abin aunawa. Sai dai sun yi gargaɗin ne da kayan aikin da suke gargaɗi a kai.

Shi ya sa na fi karkata ga We Feel Fine, duk da shi ma bai nemi izinin kowa ba. A can, lokacin da yake aiki, idan ka taɓa ɗigo kana iya bin sawunsa zuwa inda mai maganar ya rubuta ta, ka karanta abin da ya gabata, ka bar masa kalma idan ka so. Wannan hanya tana ƙara tona asirin mai maganar, amma tana mayar da maganar ga mai ita.