KYAN HOTO DA KYAN MULKI

 Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshe sun ga abin da ya faru, waɗanda ba su zo ba kuwa labari ya iske su har gida. Wani saurayi daga cikinmu, wanda bai daɗe da komowa daga fatauci a Dubai ba, ya ɗaga kai ya dubi hoton shugaban ƙasa da ke rataye a zauren taronmu, ya ce, "Baba, wannan hoto fa bai yi ba." Wani dattijo ya ce masa, "Kai yaro, shugaban ƙasa ne bai yi ba?" Daga nan magana ta yi zafi, har aka kawo shawarar a ci yaron tara, waɗansu ma suka ce a dakatar da shi daga ƙungiya. An ɗage maganar zuwa taro mai zuwa. Kafin ranar ta zo, mun ga ya kamata mu zauna mu auna abin da hankali, domin kada mu yanke wa ɗanmu hukunci cikin fushi, kada kuma mu watsa wa dattijonmu ƙasa a ido.

Bari mu fara da inda yaron ya samo maganarsa, gama mu ma da ke rubuta wannan mun taka wurin da ƙafarmu. A unguwar Deira ta birnin Dubai, kusa da bakin mashigin ruwan da ya raba garin biyu, akwai kasuwa da a ke kira Murshid Bazar. Nan fatakenmu na Kumasi da Kano da Maraɗi su ke sarin yadi da abaya da turare da takalma. Masu kantunan yawancinsu baƙi ne kamarmu, Indiyawa da mutanen Iran da na Pakistan. A kantuna da yawa, da masaukai, da wuraren canjin kuɗi, in ka ɗaga ido bisa teburin mai karɓar kuɗi sai ka ga hotunan sarakunan ƙasar a jere: Shehu Zayid, wanda ya zama shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na farko a 1971, da Shehu Muhammadu ɗan Zayid da ya karɓi shugabanci a 2022, da Shehu Muhammadu ɗan Rashid da ya hau sarautar Dubai a 2006. Ba za mu ɓoye muku ba, hotunan sun fito ras. Farin rawani fari ne sol, ba a ƙone shi da haske ba, ana ganin ƙwayar ido, gilashi a goge, firam a daidaice. Wanda ya saba da ganin waɗannan, in ya komo ya dubi namu da ya koɗe ya koma kore-kore, an yanke rabin hula, fuska dishi-dishi kamar an ɗauka ran hazo, lalle bakinsa zai yi masa ƙaiƙayi.

To, tambaya ta fari ita ce: wanda ya kushe hoton shugaba, shugaban ya kushe? Mu dai a ganinmu ko wane hoto irin wannan mutum uku ne a cikinsa. Akwai wanda aka ɗauka, akwai wanda ya ɗauka ya wanke, akwai kuma wanda ya rataya. Haske da inuwa, da inda aka tsai da kyamara, da irin takardar da aka buga a kai, duk aikin na biyun ne. Ƙura da yana da barin hoto a inda rana ke dukansa shekara da shekaru, wannan aikin na ukun ne. In ɗinkin rigar sarki ya karkace, wani ya ce ya karkace, ai da maɗinki ya ke, kuma babu mai hankalin da zai kai shi ƙara fada. Ɗaukar hoto sana'a ce kamar ɗinki da ƙira, tana da gwanaye tana da 'yan koyo. Su mutanen Dubai sun san da haka, shi ya sa har yau ba su manta da sunan Nur Ali Rashid ba, wanda ya zo garin a 1958 ya yi ta ɗaukar sarakunansu har ya rasu a 2010, da Ramesh Shukla, Ba'indiyen da ya ɗauki sarakunan suna tsaye a gindin sabuwar tuta ran 2 ga Disamba 1971. A nan Gana ma muna da James Barnor, da ya taɓa buɗe shagon hoto a Jamestown cikin Ankara babban birninmu, wanda ya ɗauki Kwame Nkrumah tun kafin mulkin kai. In ana yabon gwani da sunansa, ashe ke nan akwai ma'aunin da a ke gane gwaninta, kuma da ma'aunin nan ne a ke gane aikin da bai kai ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma fa kada matasa su yi saurin tafi, domin dattijonmu bai yi maganar banza ba. Ya daɗe a duniya, ya san sau da yawa mai son zagin mutum ya kan fake da hotonsa. Fuskar ɗan Adam abin girmamawa ce, ko ta shugaba ko ta talaka. Ga yadda mu ke rarrabewa. In mai magana ya ce haske ya yi yawa, ko an yanke hula, ko launi ya koɗe, yana magana ne a kan abin da hannun mutum ya yi, wanda kuma hannun mutum zai iya gyarawa. In kuwa ya koma kan girman hanci ko gajartar wuya, ya bar mai hoto ya taɓa halittar Allah, wannan izgili ne ko da ya sa masa rigar ilmi. Sa'an nan akwai wuri da lokaci. A can Murshid Bazar ba mu taɓa jin ɗan zango ya buɗe baki ya yi sharhi a kan hoton da ke bisa kan mai kanti ba, domin dokar ƙasar ta hana cin mutuncin shugabanninta, baƙo kuwa bai san inda iyaka ta tsaya ba, sai ya sayi kayansa ya kama gabansa. A zaurenmu babu wannan tsoro, amma akwai kunyar manya, ita ma doka ce. Da yaron ya jira aka tashi ya sami dattijo a gefe, da ba a kai ga maganar tara ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta fari nauyi, kuma a nan ne yaron ya yi tuntuɓe. Da gardama ta yi zafi ya ƙara da cewa, wai ko daga hoto ka san ƙasar da ta sami shugabanni. Wannan magana mun ƙi ta. Mun sani Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da a ke nufi ita ce wadda ka ke zaune da ita kullum, kana ganinta cikin fushi da fara'a. Fuskar hoto ta ƙiftawar ido ɗaya ce, an zaɓe ta daga cikin masu yawa, an zubar da sauran.

Ku dubi hoton Winston Churchill, firayim ministan Ingila a zamanin yaƙin Hitila, wanda Yousuf Karsh ya ɗauka a birnin Ottawa na Kanada ran 30 ga Disamba 1941. Mutumin ya dafe ƙugu, ya murtuke fuska, duniya ta duba ta ce ga zakin da ba ya ja da baya. Alhali kuwa abin da ya jawo murtukewar shi ne mai hoton ya fizge masa tabar da ke bakinsa kafin ya danna. Fushin taba ne aka sayar wa duniya a matsayin fushin yaƙi, kuma hoton ya yi kyan da har aka sa shi a takardar fam biyar ta Ingila a 2016. Wannan ma da sauƙi, domin fuskar tasa ce, fushin ma nasa ne. A Rasha zamanin Stalin akwai hoton da aka ɗauke shi a bakin ruwa tare da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki. Da aka kashe Yezhov a 1940 sai gwanaye suka shafe shi daga hoton, suka cike gurbinsa da ruwa, sumul kamar bai taɓa tsayawa a nan ba. Ta fuskar sana'a aikin ya ƙayatar. Ta fuskar gaskiya kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya ci wa waɗancan kwanaki, yau yaro da kwamfuta zai yi shi kafin shayi ya huce.

Saboda haka in mun girmama Shehu Rashid, wanda ya sarauci Dubai daga 1958 zuwa 1990, dalili shi ne a farkon sarautarsa aka yashe mashigin ruwan nan har manyan jirage suka iya shigowa, ciniki ya buɗe, wanda albarkacinsa ne ya kai mu can daga Kumasi. Da hotonsa ya fito dishi-dishi, ruwan ba zai rage zurfi ba. Haka kuma a ƙarƙashin kyawawan hotunan nan na Murshid Bazar mun ga 'yan dako suna tura amalanke cikin zafin da ya fi na Maraɗi a bazara. Ko ladansu ya ishe su, ko bai ishe su ba, hoton da ke bango ba zai gaya maka ba, sai ka tambaye su. Mulki a kasuwa a ke aunawa, da asibiti, da gaban alƙali.

Saura tambaya ta uku: shin hoton da ya fi kyau shi ne ya fi? Mun lura yanzu an shiga yayin goge fuskar shugabanni, a share tamoji, a rage furfura, a ƙara hasken fata, har dattijo mai shekara saba'in ya koma kamar ango. Mu wannan ba mu kira shi kyau. Amfanin hoton shugaba shi ne talaka ya san fuskar wanda ya ɗauki amanarsa, ya san wanda zai yi wa addu'a, ya kuma san wanda zai tuhuma. In an ba shi fuskar da babu ita, an cuce shi tun daga bango. Kayan aro ba ya rufe katara. Hoton kirki a wurinmu shi ne wanda in mai shi ya shigo ɗakin ba za ka ce wa ne wannan ba.

Akwai kuma alƙalin da ya fi mu duka iya duba hoto, watau zamani. An sa kan Nkrumah a kan sarki a 1957, a kuɗi kuma a 1958, aka kafa gunkinsa a gaban majalisa. Da soja suka hamɓarar da shi ran 24 ga Fabrairu 1966, aka tumɓuke gunkin, mutane suka yi ta sauke hotunansa daga bango, masu kyau da marasa kyau baki ɗaya. Bayan shekaru aka gina masa makwanci a Ankara a 1992, fuskarsa ta komo kan kuɗin ƙasa. Duk wannan hawa da sauka, babu wanda ya tambayi ko haske ya yi daidai. A Nijeriya Janar Murtala Muhammed wata shida da 'yan kwanaki ya yi bisa mulki kafin a kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, amma tun 1977 fuskarsa ke kan naira ashirin. Malam Aminu Kano bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, ya rasu tun 1983, amma waɗanda suka je Kano a cikinmu sun ga hotonsa a shagon tela da rumfar mai shayi, ya koɗe, ƙuda ya ɓata shi, ba kuwa hukumar da ta ce a rataya. Hoton da doka ko al'ada ta rataya yana gaya maka wanda ke mulki. Wanda talaka ya rataya da kansa bayan mai shi ya kwanta dama, shi ke gaya maka wanda ya yi mulki a zukata.

Ba mu shiga maganar hukuncin rataya hoto a addini ba, wannan fagen malamanmu ne, su za a tambaya. Mu dai ga shawararmu ga taro mai zuwa. Kada a ci yaron tara, domin abin da ya faɗa game da hoton gaskiya ne, kowa na da ido. Ya tashi a gaban jama'a ya ba dattijo haƙuri saboda yadda ya faɗa, ya kuma janye maganarsa ta biyu, wadda ta auna ƙasa da takarda. Sa'an nan mu sauran mu tuna cewa mutum na uku a cikin hoton mu ne. Mu muka saye shi da araha a bakin titi, mu muka rataye shi daura da taga, mu muka bar shi ba shara ba guga. In akwai wanda ya rage wa shugaba daraja a zauren nan, ba wanda ya yi magana ba ne. A yi karo-karo a wanko sabo mai kyau wanda ba a goge masa tamoji ba, a ba yaron aikin zaɓo shi tun da idonsa ya buɗe, a ba dattijo ya rataya da hannunsa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya cikin ladabi, Ya kiyaye matafiyanmu a hanya. Amin. Haza wasalam.