Saye Ko Aro? Mas'alar Manyan Wasanni a Kantin GOG

A cikin kantunan da ke sayar da wasannin kwamfuta ta hanyar intanet akwai wani guda mai suna GOG, wanda kamfanin CD Projekt na birnin Warso, a ƙasar Polan, ya buɗe cikin shekarar 2008, wanda kuma tun ran da aka kafa shi ya ɗora wa kansa wani sharaɗi da takwarorinsa ba su yarda su ɗauka ba, wato ba zai sayar da wasan da aka garƙama wa makullin hana kwafi ba. Masu hulɗa da wannan kanti sun daɗe suna muhawara a kan tambaya guda, ita ce ko yana samun ci gaba wajen kawo manyan wasanni, irin waɗanda ake zuba wa dukiya mai ɗimbin yawa kafin a gama su, ko kuwa har yanzu matattara ce ta tsofaffin kaya waɗanda manyan kamfanoni suka gama cin moriyarsu. A ganina wannan tambaya ba ta amsuwa sai an fara warware wata mas'ala da ta riga ta, wadda fuƙaha'unmu suka tsefe tun ƙarnoni kafin a san kwamfuta, ita ce haƙiƙanin abin da mutum yake mallaka idan ya miƙa kuɗinsa aka ce masa ya saya.

Na san akwai mai cewa wasa lahawu ne, bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba. Hukuncin wasa kansa, da sharuɗɗansa na kada ya shagaltar da mutum daga salla, ko ya ƙunshi caca da alfasha, babi ne dabam wanda malamai suka yi magana a kansa. Amma ko da abin sayarwa ƙarami ne, aƙadin da aka ƙulla a kansa ba ƙarami ba ne, domin irin wannan aƙadin ne a yau ake ƙullawa a kan littattafai, da darussa, da manhajojin aiki, kuma abin da aka saba wa yaro da shi a kasuwar wasa shi zai karɓa ba musu idan ya girma ya shiga kasuwar ilmi.

Sai mu fara da sanin girman abin da ake magana a kansa. A shekarar 2023, cikin wata shari'a da aka yi a Amurka game da yunƙurin Microsoft na sayen kamfanin Activision, wata takarda ta kamfanin Sony ta bayyana cewa wasan The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220, shi kuwa Horizon Forbidden West ya ci kimanin miliyan 212. Wanda ya zuba irin wannan jari, ya ciyar da ɗaruruwan ma'aikata shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne idan tsoro ya kama shi cewa ranar da hajarsa ta fito wani zai kwafe ta ya watsa wa duniya kyauta. Saboda haka ne mafi yawan manyan kamfanoni suke ɗaure wasanninsu da makulli, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Denuvo, mai neman kwamfutar mai saye ta riƙa komawa intanet lokaci lokaci tana neman izini kafin wasan ya buɗe. Kantin Steam, wanda kamfanin Valve ya buɗe a 2003, wanda kuma shi ne uban kasuwar, yana karɓar wasa da makullinsa. Haka ma kantin Epic da ya zo a ƙarshen 2018. Shi GOG da ya ce ba ya karɓa, lalle ne ya san tun farko cewa manya za su riƙa ja da baya daga gare shi.

Duk da haka, wanda ya bi tarihin kantin da idon adalci ba zai musanta cewa abubuwa sun sake ba. Da farko sunansa ma Good Old Games, ba ya sayar da komai sai wasannin da suka tsufa, waɗanda ma'aikatansa ke gyarawa don su yi aiki a sababbin kwamfutoci. A 2012 ya taƙaita sunan ya fara karɓar sababbi. Wasannin kamfanin CD Projekt kansa, The Witcher 3 na 2015 da Cyberpunk 2077 na 2020, sun shiga kantin ranar da suka fito, ba makulli. Sa'an nan baƙi suka fara biyo baya: Horizon Zero Dawn na Sony ya shiga a ƙarshen 2020, Skyrim ya shiga a 2022, Fallout 4 a 2023, God of War a 2024. Kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam kuwa ya sa Baldur's Gate 3 a kantin rana ɗaya da sauran kantuna, a watan Agusta na 2023.

Amma mai ƙorafi yana da tasa hujjar, kuma ba mai rauni ba ce. Zai ce a dubi shekarun: Skyrim ya fito tun 2011, ya yi shekara 11 kafin ya iso, Fallout 4 ya fito a 2015, ya yi shekara 8, God of War ya riga ya yi shekara 2 a Steam. Zai ƙara da cewa har yanzu babu Grand Theft Auto V, babu Red Dead Redemption 2, babu Elden Ring, babu kuma wasannin ƙwallon ƙafa na kamfanin EA waɗanda su ne samarinmu suka fi sani a gidajen wasa na Kano da Damagaram. Idan ma'aunin ci gaba shi ne yawan manyan wasanni da saurin isowarsu, to, GOG yana can baya, kuma ba na zaton zai kamo na gaba. Jinkirin nan hasara ce ta gaskiya ga wanda yake so ya yi wasa lokacin da abokansa ke yi, ba kuwa daidai ba ne a raina masa wannan bukata.

Abin da nake jayayya da shi shi ne ma'aunin kansa. Shihabuddini Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekarar 684 ta Hijira, ya keɓe wani babi a cikin littafinsa Alfuruƙ don rarrabe abubuwa biyu da mutane ke cuɗanyawa, su ne mallakar manfa'a da mallakar intifa'i. Mai mallakar manfa'a, kamar wanda ya karɓi hayar gida, yana da ikon ya zauna da kansa, yana kuma da ikon ya zaunar da wani, da kuɗi ko kyauta, muddin wa'adinsa bai ƙare ba. Mai mallakar intifa'i kuwa, kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar waƙafi, ko mai zama a wani gurbi na masallaci, an yi masa izini ne kurum ya amfana shi kaɗai da kansa, ba shi da ikon sayarwa, ko bayar da haya, ko miƙa wa wani. Dukansu biyu kuma suna ƙasa da mallakar ainihin abu, wadda ita ce bai'i yake haifarwa. To, idan muka ɗora cinikin wasannin zamani a kan wannan tsani mai hawa uku, za mu tarar cewa abin da ake kira saye a mafi yawan kantuna, ko da yake an rubuta kalmar saye a kan maɓallin da ake dannawa, an kuma karɓi cikakken farashi, bai wuce matakin ƙasa ba: izini ne ga mutum ɗaya, ɗaure da sunansa, wanda ba ya sayaruwa, kuma wanda ba a ambata masa wa'adi ba, alhali kuwa ko ijara ma, a wurin malamanmu, ana son a san ajalinta kamar yadda aka san ladanta, don a tsira daga garari.

Wannan ba zato ba ne. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren motoci mai suna The Crew a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu. A ƙarshen watan Maris na 2024 ya kashe na'urorin da wasan ya dogara da su, sai wasan ya mutu a hannun kowa, har da wanda faifansa ke ajiye a ɗaki. A cikin wannan shekarar ce jihar Kaliforniya ta kafa doka mai hana kanti amfani da kalmar saye a kan kayan intanet sai ya bayyana wa mai saye cewa lasisi ne kawai yake karɓa, ba da jimawa ba kuwa Steam ya ƙara wani gajeren layi a shafin biyan kuɗi, kusa da inda ake dannawa a ci gaba, yana sanar da mutum cewa abin da kuɗinsa ke ba shi lasisi ne. Na yaba da wannan bayani, domin bayyana haƙiƙanin haja wajibi ne a kan mai sayarwa. Sai dai bayanin ya gaskata abin da ake tuhuma ne, bai gyara shi ba.

A nan ne GOG ya bambanta, kuma wajibi ne a faɗi iyakar bambancin ba tare da ƙari ba. A takarda, shi ma lasisi yake bayarwa, bai kuma halatta wa kowa ya sayar da wasan ga wani ba. Amma a aikace, wanda ya saya yana iya shiga shafinsa ya sauke fayilolin girka wasan dukansu, waɗanda ga babban wasa sukan zo kashi kashi, kowane kashi kimanin gigabait 4, ya jera su a babban fayil guda, ya kwashe su zuwa wani faifan ajiya, ya sa a akwati. Bayan shekara goma, ko kantin na nan ko ba ya nan, ko da intanet ko babu, zai jona faifan, ya danna fayil na farko, wasan ya girku ya buɗe ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Wannan shi ne abin da fuƙaha'u za su kira ƙabdu, wato karɓar abu a hannu, kuma wanda ke zaune a inda kuɗin data ke da tsada, layi kuma yana yankewa, wuta tana ɗaukewa, ya fi mutumin Turai sanin darajar abin da za a sauke sau ɗaya a huta.

Saboda haka ni ina ganin kowane babban wasa da ya shiga wannan kanti, ko da ya makara shekara 10, ya ƙara wa duniya abin da ba ta da shi a da, domin kafin ranar nan wasan yana hannun mutane ne bisa izini, bayan ranar kuwa ya zauna a hannunsu. Kishiyar wannan ma ta taɓa faruwa, ita ce kuwa ta fi bayyana mini gaskiyar lamarin. A watan Satumba na 2021 kantin ya kawo wasan Hitman, babban suna wanda ko wane kanti zai yi alfahari da shi; sai masu saye suka tarar cewa ɓangarori masu yawa na wasan ba sa buɗuwa sai an jona da intanet, suka yi ca, har a watan da ya biyo aka cire shi, kantin kuma ya nemi afuwa. Bisa lissafin mai ƙirga sunaye, ranar da Hitman ya shiga ci gaba ne, ranar da ya fita koma baya ne. Bisa lissafin mai duban alkawari kuwa, ranar fitarsa ce kantin ya cika amanar da saboda ita mutane suka zo gare shi tun farko, kuma ina tare da wannan lissafi na biyu.

Kada wani ya fahimci cewa ina tauye haƙƙin masu ƙirƙira. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a yi musu ta'addi. Wanda ya karɓi wasa marar makulli ya rarraba wa jama'a ya ci amana ninki biyu, ta mai wasan da ta kantin da ya kyautata masa zato. Abin da nake cewa shi ne tsoron ɓarawo bai isa hujjar ƙuntata wa mai gaskiya ba, balle ma an ga cewa tsoron ya zarce haddi: The Witcher 3 ya fito ba makulli, amma an sayar da fiye da kwafi miliyan 50, Baldur's Gate 3 kuma ya fito haka nan, ya kuma karɓi lambar gwarzon wasan shekarar 2023. Ba za a ce dukan wasa zai yi irin wannan nasara ba, amma waɗannan biyu sun isa su rushe da'awar cewa babban wasa ba ya rayuwa sai da makulli.

Akwai kuma wata fuska wadda mu jikokin masu kwafar littafi da hannu ya kamata mu fi kowa ganewa. Littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Muhammadu Bello sun iso mana ne saboda kwafinsu ya watsu a gafakokin almajirai, gari gari, ta yadda idan gobara ko gara ta ci na wani gida, na wani gidan yana nan. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Ban daidaita darajar wasa da ta littafin ilmi ba, Allah ya kiyaye. Amma ƙa'idar wanzuwar aikin ɗan Adam guda ce, abin da ke hannu ɗaya yana ɓacewa da ɓacewar hannun. GOG ya ƙaddamar da wani shiri na adana tsofaffin wasanni a ƙarshen 2024, yana alkawarin ci gaba da gyara su don su dace da sababbin kwamfutoci, a shekarar ce kuma ya dawo da Resident Evil na asali, wanda ya fara fitowa a 1996.

Inda har yanzu ba a kai ba shi ne babin gado, wanda a wurinmu shi ne zakaran gwajin dafi na kowace mallaka, domin abin da ya tabbata naka ne yana shiga cikin tarikarka, a raba wa magada bisa ƙa'idar fara'ili. Sharuɗɗan Steam sun hana miƙa asusu ga wani, ko da ta hanyar wasiyya ce. GOG ya bayyana a 2024 cewa zai yi ƙoƙarin miƙa asusun mamaci ga magajinsa idan aka kawo masa umurnin kotu, wanda ya fi hani sauƙi, amma bai kai matsayin haƙƙin da magaji ke karɓa ba tare da roƙo ba. Wannan gyara ba ya hannun kanti shi kaɗai, yana hannun kamfanonin da suka mallaki wasannin da kuma masu tsara dokoki, kuma a kansa ne ya kamata masu saye su matsa lamba, fiye da yadda suke matsawa a kan wane babban wasa ne zai iso a bana.