Wa Ya Kwashe Tukwanen?

A wani shagon gem a Gumel na tarar da yara sun duƙufa kan ƙwallo, sai guda ɗaya a lungu yana buga irin wasan nan da kai ne jarumin labarin: ka yi tafiya, ka yi ciniki, ka yi yaƙi. Ina kallo ya shiga gidajen wani ƙauye yana kwashe abin da ke cikin tukwanensu. Na ce, "Kai, sata kake?" Ya ce, "Yaya, ai ba ni ba ne, shi ne."

Mu masu bin harkar fim mun san wannan amsa. Ɗan wasan da ya fito a mugu, in aka zage shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, cewa zai yi darakta ne ya sa shi. To a nan wane ne daraktan?

Tushen wasan shi ne Dungeons & Dragons na 1974 a Amurka, da takarda da fensir ake yi. Bai zama na kowa da kowa ba sai da Yuji Horii ya sauƙaƙa shi a Dragon Quest, a Japan, 1986. Ranar da na uku ya fito a 1988, ɗalibai sun tsere wa makaranta sun bi layin saye. Sauran duniya kuwa Final Fantasy VII ne ya ja ta a 1997, kuma da dabarar fim ya ja ta: an kashe jaruma Aerith a tsakiyar labari, ba maɓallin da zai cece ta. Wannan dai hukuncin marubuci ne, ɗan wasa ba ruwansa.

Amma fa tun 1985 Richard Garriott ya ɗana tarko a Ultima IV. Mai sayar da kayan haɗa magani makauniya ce, kana iya ba ta kuɗin da bai kai ba ta karɓa. Ba ta cewa komai. Wasan ne ke rage maka makin gaskiya a ɓoye, sai can gaba hanya ta toshe maka.

Makauniyar ba rai gare ta ba, na yarda, ba wanda ya yi asarar sisi. Sai dai ba marubucin da ya rubuta cutar nan. Mai riƙe da abin bugawa ne ya zaɓa, lokacin da ya tabbata ba mai ganinsa. A ganina wannan zaɓi nasa ne, ba na jarumi ba.

Na faɗa wa yaron haka. Ya ce, "To ai in ban ɗauka ba bos zai kashe ni," ya buɗe tukunya ta gaba.