Sai Mutum Ya Tona Asirinsa Kafin Mu Taimake Shi?

A masallatan unguwar nan akwai abin da muka saba da shi. Ana sallame sallah sai wani ya miƙe da takardar asibiti a hannu, ya ce matarsa za a yi wa aiki, ko ɗansa ne ya karye a hanyar Zuba. Nan take a haɗa abin da ya sawwaƙa. Al'ada ce mai kyau, balle gare mu da danginmu ke Kano, Katsina ko Zamfara, maƙwabci ya zame mana ɗan'uwa. Sai dai tana da sharaɗin da ba a faɗa: dole ka bayyana ciwonka a bainar jama'a. To, mai ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta fa, yaya zai yi?

Wani zai ce ai maganin ƙanjamau kyauta ne. Haka ne, tun 2006 ake ba da shi kyauta a asibitocin gwamnati, akasari da tallafin waje irin na shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003. Amma kuɗin mota ba kyauta ba ne, abinci ma haka, ga wasu gwaje-gwajen. Wani ma gara ya tafi Gwagwalada ko Minna karɓo magani da idon sani ya gan shi a Suleja. Kuma a Janairun 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, kowa ya ga cewa kyautar nan ba gadonmu ba ce.

Mai ciwon hanta ya fi shiga tsaka mai wuya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, alhali masu ƙanjamau ba su kai 2 cikin 100 ba. Ƙwayar tenofovir da ke danne nau'in B tana cikin haɗin da ake ba masu ƙanjamau. Ke nan wanda ke da cutukan biyu yana samun ta kyauta, mai ciwon hanta zalla kuwa yawanci daga aljihunsa zai saya duk wata, shekara da shekaru. In kuɗi ya yanke ya tsaya, ciwon na iya tasowa da ƙarfinsa. Nau'in C ana warkewa da shan magani na wata uku, amma wa zai biya?

Masu cewa sai sun san ciwon kafin su bayar suna da hujja. Mun sha ganin 'yan damfara da takardun bogi, kuma kuɗin jama'a amana ne. Amma tabbatar da gaskiya aikin mutum biyu ne, ba na sahu goma ba. Abin da ya wuce haka son jin ƙwaƙwaf ne kawai.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan muni: "Garin yaya ya kamu?" Da yawan masu nau'in B tun wajen haihuwa ko ƙuruciya suka same shi. Ko da ma ganganci ne ya jawo wa mutum, ayar da ta lissafa mutum takwas da suka cancanci zakka a Suratut Tauba talauci da buƙata ta ambata, ba ta ce a binciki tarihin ciwo ba. Wanda ka ba dubu biyar ka karɓe masa mutunci, ciniki kuka yi, kuma kai ne ka ci riba.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. A ware asusu ɗaya na magani. A damƙa shi ga amintattu biyu, namiji da mace, da ma'aikacin lafiya guda da zai duba takarda. Su biya kuɗin kai tsaye a kemis ko asibiti, su karanta mana lissafi duk wata: nawa ya shigo, nawa ya fita, mutum nawa aka taimaka, ba suna. Kowace ƙungiyar adashi da ta 'yan kasuwa ta ɗauki nauyin maganin mutum ɗaya na wata guda.

Kullum muna roƙon Allah Ya rufa mana asiri. Wanda ya taho neman kuɗin magani cikin dare, shi ma abin da yake roƙo ke nan.